Maɓallin da ka tono mai hoton bishiyar kwakwa

Malam, ka ce ka tsinci maɓalli na tagulla a tsohon filin barikin soja, da hoton bishiyar kwakwa a fuskarsa, kana tambayar na mene ne da yadda za ka wanke shi.

Bishiyar nan tambarin rundunar West African Frontier Force (WAFF) ce, ta sojojin mulkin mallakar Birtaniya a Yammacin Afirka, wadda Lugard ya fara haɗawa a 1897. Duba haruffan: in akwai R a gaban WAFF, to bayan 1928 aka yi shi, lokacin da aka ƙara mata "Royal". Juya bayansa kuma, galibi maƙeran Ingila irin su Firmin suna buga sunansu a zagaye da kunnen.

Wanki kuwa, don Allah ka rabu da lemon tsami, toka, yashi da man goge ƙarfe na Brasso. Ƙyalli za ka samu na kwana biyu, rubutun ya tafi har abada. Bar shi ya bushe tukuna, sannan ka riƙa ɓanɓare ƙasar da tsinken sakace, ka share da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Koren da ya kama jikinsa sumul kariya ce, ƙyale shi. Wanda ke fitowa kamar gari ne mai cin ƙarfe. In ka gan shi, nisanta maɓallin daga laima, ka kai wa ma'aikatan gidan tarihi su duba.