Sulallan gwal na gado: a kai su waje a tantance ko a auna a gida?

Tambaya daga wani mai shagon atamfa a Kano: "Mahaifinmu ya rasu ya bar sulallan gwal guda 12 a cikin adaka, ance daga Makka ya riƙa kawo su tun shekarun 1970. Gefe ɗaya kan sarkin Turawa ne, ɗaya gefen mutum akan doki yana sukar wani dodo. Mu bakwai ne magada. Wani yace min in tura su Amurka a basu satifiket wai kuɗinsu zai ninka. Ya zan gane na gaske ne, kuma turawar tana da amfani?"

Alhaji Allah ya jiƙan Baba yasa ya huta. Kafin komai don Allah kar ka wanke su, kar ka goge su da omo ko toka ko man goge baki, kuma kar ka bari wani ya karce su a dutse ya ɗiga asid. In akwai mai daraja a ciki gogewa ɗaya ta isa ta zubar masa da farashi kuma ba ya dawowa.

Yadda ka kwatanta su fam ɗin gwal na Ingila ne, kuma abin daɗin shi ne awonsa sananne ne ba ya canzawa: giram 7.98, faɗi milimita 22.05, karat 22, tsantsar gwal ɗin ciki giram 7.32. Toh ka nemi ƙaramin sikelin dijital mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, irin na 'yan gwal, ka ɗora su ɗaya bayan ɗaya kana rubutawa. Tsohon da ya sha hannu zai iya raguwa ɗan kaɗan, amma in kaga 7.5 ko 8.3 akwai magana. Gwal ƙarfe ne mai nauyi sosai shi yasa mai yin jabu da tagulla in ya daidaita nauyi sai kauri ko faɗi ya tona shi, in ya daidaita faɗi nauyi ya gaza. Maganaɗisu ma ka gwada, wanda ya manne ka ware shi gefe, amma rashin mannewa ba hujja bace don tagulla ma bata kamawa.

Ga inda mutane suke ruɗewa. Tunda daga Saudiyya suka fito, akwai yiwuwar wasu gwal ne na gaske amma ba bugun gidan buga kuɗi na gwamnati bane. A shekarun 1950 an buga kwaikwayon wannan fam ɗin da yawa a Lebanon da Siriya da Italiya saboda kasuwarsa a ƙasashen Larabawa, har yau ma maƙeran can suna yin irinsa, wani zaka ga ɗan hatimi 21 ko 875 a jiki, wato karat 21. Irin wannan ba asara bace, mai giram 8 karat 21 yana da giram 7 na tsantsar gwal, kawai kuɗin gwal ɗinsa zaka samu ba kuɗin tarihi ba. Ka duba da madubin ƙara girma, saman shekarar a ƙarƙashin kofaton dokin akwai ɗan harafi mai nuna inda aka buga shi: S na Sidni, M na Melbon, P na Perth (ukun nan a Ostiraliya suke), SA na Afirka ta Kudu, C na Kanada, I na Indiya. In babu harafi bugun Landan ne, kuma Landan bata buga ko ɗaya ba daga 1918 zuwa 1924, don haka wanda ke da shekara a tsakanin nan kuma ba harafi kwaikwayo ne kai tsaye.

Bayan nan ku je wajen dillalin gwal mai injin gwaji, wanda ake saka abu a ciki ya nuna kason gwal a allo ba tare da an karce ba. Saman ƙarfen kawai yake karantawa shi yasa nace a fara da sikeli. Ku je shago biyu ko uku, kuma kada ka faɗa sayarwa zakayi, kace gwaji kazo ka biya kuɗin gwajin.

Maganar satifiket kuma, kamfanonin gaskiya ne, PCGS da NGC a Amurka, suna tabbatar da sulai su bashi maki daga 1 zuwa 70 su rufe shi a roba. Amma batun ninkawa ban yarda ba. Yawancin waɗannan fam ɗin miliyoyi aka buga, farashinsu na bin farashin gwal ne na ranar, kuma ɗan gwal a kasuwarmu sikeli ya sani, robar nan ba zata sa ya ƙara maka ko kwabo ba. Kai kuma ka biya kuɗin aiki da dala, ga inshora ga kuɗin aikawa da dawowa ga kwastam, ga fargabar ɓata a hanya, kuma dukiyar mutum bakwai ce ba taka kai kaɗai ba. Inda turawa take da ma'ana shi ne in an dace da mai wuyar samu kamar 1917 na Landan, 1916 mai C ko 1920 mai S, waɗannan masu tara tsofaffin kuɗi ne ke sayensu da tsada kuma ba zasu saya ba sai da takardar, don 1917 ɗin ma jabunsa sun cika duniya. Shi ma wanda zai tafi a hannun amintacce, da yardar kowa a rubuce.

Abinda yafi damuna a tambayarka ma gadon ne. Duk awon nan kar kayi shi kai kaɗai, ka tafi da mutum biyu cikin magada, mace ɗaya a ciki, a ɗauki hoton kowane sulai gaba da baya da lambar sikelin a tura group ɗin gida. In kana so ka saye kason 'yan uwa ka zuba a jari to a farashin giram na ranar, kuma hannu da hannu don gwal ba'a cinikinsa bashi, sauran lissafin rabo a barwa malami ko alƙali. Ka turo min shekara da harafin kowanne da nauyinsa, sai mu ga ko akwai wanda ya cancanci a ware.