Hortatus: Kaisar ne ya ƙarfafa, ko shi aka ƙarfafa?

Tambaya: Malam, saura mako biyu jarrabawata ta Latin. An ba mu jimlar Caesar milites hortatus proelium commisit, na fassara cewa bayan an ƙarfafa wa Kaisar gwiwa ya fara yaƙi. Malaminmu ya soke da jan biro. Ba duk mai ƙarewa da -tus ismul maf'uli ba ne, wato sunan wanda aka yi wa aiki?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗana. Malaminka ya yi daidai: Kaisar ne ya ƙarfafa wa sojoji gwiwa, sannan ya shiga yaƙi.

Wannan doka ta "-tus yana nufin an yi masa", da masu sayar da takardun hadda a bakin makaranta ke cusa wa ɗalibai, kullum ita ke kayar da su. Tana aiki a coctus, cocta, cocti, wato dafaffe, dafaffiya, dafaffu, har jinsi da adadi suna bin sunan kamar a Hausa. Amma akwai fi'ilan da ake kira deponens: rigarsu ta wanda aka yi wa, aikinsu na wanda ya yi. Hausa ma ta san bambancin. Occisus kasasshe ne, wani ya kashe shi. Mortuus kuwa matacce ne, daga morior, ba hannun kowa. Haka locutus ya yi magana, secutus ya bi, profectus ya kama hanya. Wanda ya juya secutus zuwa "an bi shi" ya mayar da mafarauci abin farauta, kuma shafi guda zai lalace a kansa, don duk wakilin sunan da ya biyo baya zai jingina shi ga wanda bai dace ba. 

Buɗe ƙamus kafin ka fassara. Fi'ili na yau da kullum yana zuwa da siffa huɗu: amo, amare, amavi, amatus. Deponens kuwa da siffa uku yake zuwa, ta farko ta ƙare da -or, ta ƙarshe da sum: hortor, hortari, hortatus sum. Jimlar ma ta nuna maka hanya. Commisit tilo ne, don haka milites, wato sojoji, da yake jam'i ne, ba za su zama masu aikin ba. Karɓau ne, kuma hortatus ne ya riƙe su.

Ka kula da audeo da gaudeo. A farko ba ruwansu da -or, sai a ausus da gavisus suke sauya riga: ya yi ƙarfin hali, ya yi murna.