Sidi, kuɗin Gana, ya farfaɗo, amma farashi ya ƙi sauka

Hajiya, kin tambaya me ya sa dala ta sauko amma shinkafa da mai a kasuwar Kejetiya ta Kumasi suna nan yadda suke. Saukar dala daban, saukar farashi daban.

Ɗan kasuwar da ya cika sito lokacin da dala ke sidi 15, ba zai karyar da kayansa don ta dawo wajen 10 ba. Sai tsohon kaya ya ƙare. Ko ya ƙare ma, a tsorace yake, don ya ga 2022 da idonsa: rikicin Rasha da Yukiren ya tada kuɗin mai da alkama, Amurka ta ƙara kuɗin ruwa, bashi ya shaƙe Gana, hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Wanda ya sayar da safe, da yamma kuɗin ba ya sake sayo kayan.

Farfaɗowar 2025 kuwa, tsadar zinariya a duniya ta taimaka sosai, ga rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) na dala biliyan 3. Sannan kuɗin haya da ladan 'yan kaya a unguwar Aboabo ta Kumasi dukkansu da sidi ake biya, ba su ragu ba. Wasu 'yan kasuwar kuma, gaskiya, son zuciya ne kawai.