Amsa: Ketamin ga ciwon damuwa da ya ƙi jin magani

Malama, kin ce ƙaninki ya sha magungunan ciwon damuwa kala biyu ba sauƙi, kina tambaya ko ketamin zai taimaka. Allah ya ba shi lafiya.

Asalinsa maganin sa barci ne lokacin tiyata. A 2019 Amurka ta amince da Spravato, nau'insa da ake fesawa a hanci, don irin wannan larura. Saurinsa ne abin mamaki, wasu cikin kwana ɗaya suke jin sauƙi. Sai dai sauƙin kan gushe, dole a maimaita.

Amma fa ba maganin gida ba ne. Yana ɗaga jini, mutum ya ji kamar ya fita daga jikinsa, shi ya sa ake tsare shi awa biyu a asibiti. Ku fara tuntuɓar likitansa na ƙwaƙwalwa.