Abin da yake kai mu gidan Tredegar

Kawu, kun ga hotunanmu na bayan Sallah, kuka tambaya ko me yake sa Hausawan Cardiff da Newport suke kwasar iyali zuwa Tredegar, gidan attajiran da suka daɗe da mutuwa, a Newport. Gaskiyar magana ita ce filin ne yake jan mu tun kafin gidan, domin yawancin gidajenmu a nan Wales ba su da tsakar gidan da zai ɗauki iyali biyar, shi kuwa dandalin Tredegar eka 90 ne, da tafki da manyan itatuwa, kuma ba a biyan kuɗin shigarsa. Mata sukan zo da kulolin shinkafa da dambun nama, mu shimfiɗa tabarmi nesa da hanyar masu yawo da karnuka, idan Azahar ta yi mu tayar da salla a kan ciyawa.

Gidan kansa asalinsa na zuriyar Morgan ne. William Morgan ya sake gina shi da jan bulo tsakanin 1664 da 1672, kuma akwai ɗaki guda a ciki da aka yi wa ado da ruwan zinariya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda dukiyarsu ta bunƙasa daga baya: hanyar dogon da take kai kwal da ƙarfe tashar jiragen ruwa ta Newport ta ratsa filinsu na tsawon mil guda, saboda haka suka riƙa karɓar kuɗin fito a kan kowane tan, suna zaune a gida.

Kabarin da kuka gani a hoto na doki ne, mai suna Sir Briggs, wanda Godfrey Morgan ya hau a yaƙin Balaclava a 1854, suka fita da rai su biyun. Na san mai son dawaki kamarku ba zai ga wauta a wannan ba.

Almubazzaranci da harajin gado ne suka karya gidan. An sayar da shi a 1951 ya zama makarantar 'yan mata ta Katolika, hukumar birnin Newport ta saye shi a 1974, sannan tun 2012 ƙungiyar National Trust, mai adana wuraren tarihi, take kula da shi. Masu son shiga ɗakunan suna yankar tikiti, amma yaranmu sun fi son bakin tafkin.