Tambayi Likita: Binciken Lafiyar Masu Fasa Dutse, Wa Zai Amfana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta kiwon lafiyar al'umma. Kawuna ya yi shekara da shekaru yana fasa dutse a kwari. Sau biyu ana ɗora shi a kan maganin tibi, ya sha har ya gama, amma tari da haki suna nan. Shi ya sa nake so in rubuta kundina na kammala karatu a kan lafiyar masu fasa dutse. Malamin da ke duba aikina ya ce in raba musu takardar tambayoyi kan ko sun san amfanin takunkumi, in tattara in rubuta. Hankalina bai kwanta ba. Irin wannan bincike yana amfanar talaka kuwa, ko maki kawai ake nema? Daga wata ɗaliba, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba kawu lafiya. Bari mu fara da shi, kundi ya jira tukuna.

Ki raka shi asibiti da kanki. Ko likita bai tambaya ba, ki gaya masa sana'ar kawu da yawan shekarun da ya yi a cikinta, ki roƙi a sake gwada kakinsa, a kuma ɗauki hoton ƙirji. Akwai ciwon huhu da ƙurar dutse ke jawowa, muna ce masa silikosis. Ƙurar da ke yin ɓarnar ta fi wadda ido ke gani laushi. Takan wuce hanci da maƙogwaro ta sauka can ƙasan huhu, ta bar tabo wanda ba ya gogewa. Ciwon ba shi da maganin warkewa, sai dai a raba mutum da ƙurar a kuma sauƙaƙa masa numfashi. Yana kuma buɗe wa tibi ƙofa, kuma a hoto su biyun kan yi kama. Saboda haka mutum na iya warkewa daga tibi, hakin ya ci gaba, a yi ta zarginsa da wasa da shan magani alhali bai tsallake ko kwana ɗaya ba. Likitan da ya duba shi ne zai tantance wanne ne.

Na kusa rantsewa babu wanda ya taɓa tambayar kawu aikin da yake yi, kuma wannan laifin yana wuyanmu mu masu koyarwa. Tun shekarar 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya ce a ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda ake yi wa marar lafiya: mece ce sana'arka? Har yau a yawancin makarantunmu lafiyar ma'aikata 'yan laccoci ne da ake cusawa cikin darasin lafiyar al'umma, sai a kai ɗalibai ziyara wata babbar masana'anta inda kowa ke sanye da hular kwano da takalmin aiki. Dokokinmu ma haka suke. Dokar Masana'antu ta 1987 da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, inda mai kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, duk an gina su ne a kan ma'aikaci mai ubangida da takardar albashi. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuwa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba su cikin wannan tsari. Majema, masu walda, 'yan jari-bola, 'yan dako, masu fesa maganin ƙwari a gona, matan da ke fasa tsakuwa da goyo a baya, su ne suka fi shan wuya, su ne kuma ba su cika shiga littafin darasi ba.

Kin tambaya ko bincike na amfanar talaka. Amsar tana jiharku. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi ba. Sai da aka gwada jini aka gane gubar dalma ce. Masu haƙar zinare suna kawo dutsen, mai ɗauke da dalma, gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na Najeriya sun bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, suka gano kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Na'urar gwajin jinin da aka je da ita ba ta iya karanta abin da ya haura 65 a ma'aunin dalma, jinin yara da yawa kuwa ya zarce haka, dole sai an sirka shi kafin a san adadin. Yara sama da 400 aka rasa. Wannan aune-aunen ne ya sa aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka ba dubban yara maganin fitar da dalma, har aikin ya kai ƙauyen Bagega a 2013.

Da abin ya sake ɓulla a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja a 2015, yara 28 suka mutu, sai aka tafi tushen matsalar. Ba wanda zai bar zinare don an yi masa lacca, ga kuɗin da yake kawowa ga abin da gero ke kawowa. MSF da wata ƙungiya mai suna OK International suka zauna da masu haƙar, aka sa wa injinan niƙa abin fesa ruwa, aka tanadi wurin wanka da canza tufafi don kada a koma gida da ƙura. An auna iskar da ma'aikaci ke shaƙa kafin gyaran da bayansa: dalma ta ragu da kusan kashi 95 cikin 100, ƙurar dutse mai shiga huhu da kusan kashi 80. Irin binciken da nake so ɗalibaina su yi koyi da shi ke nan, domin ya bar wa mutane abin da za su iya ci gaba da yi bayan masu bincike sun tafi.

Kada ki raina shawarar malaminki, takardar tambayoyi tana da amfaninta, kuma shi ya san kuɗi da lokacin da kike da su. Damuwata ita ce kundin da ke ƙarewa da cewa ma'aikata ba su da wayewa, a wayar musu da kai su riƙa sa takunkumi. Na karanta irinsa har na gaji. Na taɓa wuni a wani kwari a bayan gari, na ga wani dattijo da gashin idonsa ya yi fari fat da ƙura, takunkumin da aka raba musu yana rataye a wuyansa. Ya san amfaninsa sarai. Ya ce da rana ta take, gumi ke jiƙa shi har numfashi ya gagara, shi kuwa da yawan kwanon tsakuwar da ya cika ake biyansa. A ƙa'idar wannan fanni ma, kayan kariya su ne matakin ƙarshe. Ana fara neman kashe ƙurar ne tun daga inda take tashi.

To, ki je wa malamin da ladabi ki nemi ƙara abu biyu ko uku. Ki wuni a wurin aikin kafin ki rubuta tambaya ko ɗaya. Ki rubuta tarihin aikin kowa: shekara nawa, awa nawa a rana, a bakin inji yake ko a gefe, yana shan taba ko a'a, da itace ake girki a gidansu. Ki nemi aron abin auna ƙarfin numfashi, ki auna su, ki auna wasu sa'anninsu da ba sa aikin dutse, kamar 'yan tireda na unguwar, don a samu abin kwatantawa. In sashenku na da na'urar auna ƙura, ki gwada wuri ɗaya a bushe, ki sake gwadawa bayan an yayyafa ruwa, sannan ki lissafa jarka nawa aka ci da kuɗinta a wurin 'yan ga-ruwa. Mai kwari wannan lissafin zai fara tambayarki.

Kina kuma da wata dama da ɗalibai maza ba su da ita. A Zamfara mata ne suka riƙa sarrafa dutsen a cikin gidajen da aka rubuta wa "ba shiga". Ke za ki shiga, ki ga inda ake kakkaɓe kayan aiki da inda yara ke wasa.

TAMBAYA: Likita, mu masu gyaran batir ne. Wasu ɗalibai sun taɓa zuwa suka ɗebi jininmu, har yau shiru. Ga wasu kuma sun zo. Mu yarda? Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA: Ɗan'uwa, waɗancan ba su kyauta muku ba, kuma ina ba ku haƙuri a madadin masu wannan aiki. Gwajin kansa kuna buƙatarsa, don batir na mota cike yake da dalma, tana taɓa ƙoda da jini da ƙwaƙwalwa, tana kuma bin tufafi zuwa gida wurin yara. Amma kafin ku miƙa hannu, su nuna muku takardar izini daga kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarsu, su karanta muku bayanin da Hausa, su ba shugaban ƙungiyarku lambar malaminsu. Ku sa sharaɗi cewa kowa za a kawo masa sakamakonsa shi kaɗai a asirce, a kuma faɗi asibitin da za a tura wanda aka samu dalmarsa ta yi yawa. Duk wanda bai so ba yana da 'yancin ƙi, ko da an fara. Kafin nan, ku daina cin abinci ko goro a bakin aiki ba tare da wanke hannu da sabulu ba, kuma kayan aiki su kwana a shago.