Tsakuwar ƙoda da maganar ganyaye: abin da na gani a jikina

'Yar'uwa, kin tambaya ko gaskiya ne sinadaran antioksidan da ke cikin ganyaye da 'ya'yan itatuwa suna hana tsakuwar ƙoda dawowa, tunda maigidanki ya fitar da guda ɗaya kuma an tallata muku wasu ƙwayoyi. Allah Ya ba shi lafiya. Ni ma ta taɓa kwantar da ni, shi ya sa na kasa wuce tambayarki.

A shagona na Kantin Kwari ta kama ni, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40. Daga safe har la'asar ledar ruwa biyu kawai nake sha, don kada in riƙa barin shago. Ciwon ya soke ni a kwiɓi, ya gangaro mara, ga amai, ga gumi. Hoto ya nuna milimita 4 ce. Ranar da ta fita na ɗora ta a tafin hannu: ba ta wuce ƙwayar dawa ba, ruwan ƙasa, gefenta da kaifi kamar fasasshiyar kwalba.

Yawancin waɗannan tsakuwoyi daga haɗuwar kalsiyam da okzalet suke, wato wani sinadari da ake samu a wasu ganyaye da abinci. Idan fitsari ya yi kauri sai su daskare, kamar yadda gishiri ke fitowa a gindin tukunya in ruwa ya ƙafe. Masu bincike na ganin aikin antioksidan, irin na albasa da koren shayi, shi ne kare bangon hanyoyin ƙoda daga rauni don ƙanƙarar ta rasa inda za ta maƙale. Sai dai galibin wannan bincike a kan ɓeraye aka yi shi da ɗakin gwaji. Abin da aka fi tabbatarwa a jikin mutum shi ne wani sinadari daban mai suna sitret, wanda lemon tsami ke cike da shi. Yana kama kalsiyam tun kafin ya haɗu da okzalet.

Ƙwayoyin nan kuwa, don Allah ku dakata. Binciken da aka wallafa a 2013 kan mazan ƙasar Suwidin ya nuna masu shan ƙwayar bitamin C, wanda shi ma antioksidan ne, sun kusan ninka sauran kamuwa da tsakuwa, domin jiki yana mayar da rararsa okzalet. Kuma ba kowane ganye ba ne aboki a nan. Alayyafo yana da okzalet sosai, haka ma baƙin shayi mai kauri da muke sha a majalisa. Ban daina cin alayyafo ba, na dai rage. Kuskuren da na fara yi shi ne guje wa nono don tsoron kalsiyam, sai likita ya ce in koma: kalsiyam na abinci tun a hanji yake riƙe okzalet, su fita tare.

Shugaban maganin dai ruwa ne. Ana so fitsari ya kai lita 2.5 a rana, wato a garin nan sai ka sha lita 3 ko fiye. Yanzu gora nake ajiyewa kusa da teburin awo, in matse lemon tsami biyu a ciki, ba sukari. Da azumi kuma nakan rarraba shi tsakanin buɗa baki da sahur. Uwargida ta rage gishiri da ɗanɗano, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kuma gishiri yana tura kalsiyam cikin fitsari. Lemon kwalba na bar shi, tsire da balangu sai jefi-jefi, duk Juma'a kuma ina biyawa 'Yan Lemo in sayo kankana da lemon zaƙi.

Maigidanki ya riƙa duba launin fitsarinsa, in ya yi duhu ya ƙara ruwa. In kuma ciwon ya dawo da zazzaɓi ko fitsari ya ƙi fita, kada ku jira gari ya waye, ku nufi asibiti.